Ƙasar Rano da Kibiya: Inda Ma'aurata Za Su Nufa a Gajeren Hutu

A tsarin aikin gwamnati a Nijeriya akwai ranakun hutu waɗanda idan suka faɗo a Juma'a ko Litinin sukan haɗu da Asabar da Lahadi, su ba ma'aikaci kwana uku ko huɗu a jere ba tare da ya leƙa wurin aiki ba. Daga cikinsu akwai hutun ƙaramar Sallah da na babbar Sallah, da na Mauludi, da ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, da ranar dimokuraɗiyya ta 12 ga Yuni, da ranar samun 'yancin kai ta 1 ga Oktoba, sannan a Jihar Kano akan ƙara da ranar 1 ga Muharram. Irin wannan hutu bai kai a shirya masa doguwar tafiya ba, amma ya isa miji da mata su shiga mota su bar hayaniyar birni, su je inda ido zai huta kuma hira za ta samu fili. Abin da ya fi wahala a cikin shirin shi ne zaɓen wurin zuwa, domin mutane da yawa sukan auna darajar wuri da nisansa da kuma shahararsa, alhali ma'aunin da ya dace da gajeren hutu shi ne yawan sa'o'in da za su rage wa mutum biyun su zauna tare bayan an cire lokacin da hanya ta ci da gajiyar da ta bari a jiki. Idan aka bi wannan ma'auni, mazaunin birnin Kano zai iske cewa ƙasar Rano da Kibiya, tare da tafkin Tiga da ke yamma da su, ta fi wurare da dama da sunansu ya yi nisa.

Bahaushe matafiyi ne tun asali, sai dai tafiyarsa kullum tana da dalilin da jama'a suka yarda da shi, kamar fatauci, da neman ilimi, da cin rani, da sada zumunci, da aikin Hajji. Tafiyar da ba ta da wata manufa sai shaƙatawar miji da matarsa baƙuwa ce a idon mutane da yawa, har wasu na ɗaukarta almubazzaranci, wasu kuma suna ganin ta saɓa wa kunya, wato wannan kamun kai da ke hana ma'aurata nuna shaƙuwarsu a gaban manya. Wannan kallo bai yi wa al'amarin adalci ba. Ya tabbata a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi tafiya da iyalinsa, yakan jefa ƙuri'a tsakanin matansa don fitar da wadda za ta raka shi, kuma ya taɓa yin tseren gudu da Nana A'isha a kan hanyar tafiya. Ga kuma halin da gidaje suke ciki a yau, inda iyali da yawa ke zaune a gidan haya mai ɗaki biyu ko a babban gida tare da iyaye da ƙanne, ta yadda miji da mata kan kwashe watanni ba su yi hirar da ta wuce ta cefane da kuɗin makaranta ba. Hutun Sallah ma, wanda ake ganin lokacin farin ciki ne, ita uwargida a gindin murhu take ƙare shi, tsakanin tuwon Sallah da suyar nama da tarbar baƙi. Kwana ɗaya ko biyu da za a ware mata bayan an gama gaishe-gaishe hakki ne da ya kamata a riƙa lissafawa a cikin kyautata zama, kuma mai mace fiye da ɗaya yana da hanyar da sunna ta shimfiɗa masa, ko ƙuri'a ko juyi, don kada abin da aka yi domin ƙara ƙauna ya zama mafarin rigima.

Nisa shi ne abu na farko da ke yanke hukunci. Gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa baƙi a 1962, yana da giwaye da maɓuɓɓugar Wikki mai ruwan ɗumi da zafinsa ke tsayawa a kusan digiri 31 rani da damina, kuma babu mai musun kyawunsa, amma daga Kano tafiya ce da ke cin mafi yawan yini, wanda ke nufin cewa a hutun kwana uku, biyu za su tafi a kan kwalta. Haka abin yake ga mai sha'awar sanyin Jos. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya zama kaso mafi nauyi a kowace tafiyar mota, har ya sa magidanta da yawa suka daina tunanin fita gaba ɗaya. Kudancin Kano yana warware matsalolin biyu a lokaci guda, domin mai tashi daga birni bayan sallar asuba zai iya karya kumallo a Rano, kuma madatsar ruwa ta Tiga ba ta wuce kimanin kilomita 70 daga birnin ba.

Ita kanta hanyar wani ɓangare ce na abin kallo, kuma wannan shi ne bambancin tafiyar shaƙatawa da tafiyar buƙata. Matafiyi zai fita ta Na'ibawa ya kama titin Zariya, ya wuce Kwanar Dawaki, ya haye gadar Tamburawa, ya iso Karfi, garin da ya yi suna da masu gasa masara a bakin titi. A nan ya kamata a yi tsayawar farko. Masarar ɗanya ce da aka karyo daga gonakin da ke kewaye, ana jera ta a kan waya bisa garwashi, mai gashi yana fifita da hannu ɗaya yana juya ta da ɗayan har ƙwayoyin su yi ja suna fashewa, sannan ya naɗe ta a cikin ɓawonta ya miƙo ta taga tana tururi. Daga Karfi ake karyawa hagu a kama hanyar Bunkure zuwa Rano, kuma daga wannan kwana ƙasa take fara sauya kama, domin an shiga yankin aikin noman rani na Kogin Kano, wato tsarin magudanan ruwa da aka gina don kai ruwan Tiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin ne a kan kimanin hekta 22,000, kuma shi ya sa ko a tsakiyar rani, lokacin da sauran ƙasar Kano ta bushe ta yi fari, matafiyi a wannan hanya yake ratsa koren alkama da shinkafa da tumatir da albasa, da balbelu farare suna bin masu ban ruwa.

Yayin da aka doshi Rano sai duwatsu su fara bayyana. Irin dutsen da masana ilimin ƙasa ke kira giranit ne, wato dutse mai tauri wanda ya samu daga narkakken dutsen da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa tun zamani mai nisa, sannan ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasar da ta lulluɓe shi har ya fito fili. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin wasu a mulmule, wasu a ɗore kan juna a yanayin da mai kallo zai zaci ture su ba zai yi wuya ba, wasu kuma a shimfiɗe, waɗanda ake kira falalen dutse. Duwatsun nan su ne suka ba Rano kariya a zamanin yaƙe-yaƙe, kuma tarihin garin ya cancanci a san shi kafin a shiga. Matasa da yawa a yau sun fi sanin sunan Rano a jikin gidajen mai da jiragen sama, alhali garin ɗaya ne daga cikin Hausa Bakwai, kuma bisa labarin Bayajida, Zamna Kogi ɗan Bawo ne ya kafa sarautarsa, shi ya sa har yanzu ake yi wa Sarkin Rano laƙabi da Autan Bawo. A rabon ayyukan da labarin ya ambata, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato tsiron da ake samun shuni daga gare shi don rini, abin da ke nuna daɗewar saƙa da rini a wannan ƙasa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo yaƙin da Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya yi da Sarkin Rano, sannan a farkon ƙarni na 19 ta wannan yanki ne Alwali, sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi, ya nemi mafaka, har aka kashe shi a Burum-Burum. A zamanin nan an ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe wannan tsari a watan Mayu na 2024, sannan a watan Yuli na shekarar aka maido da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Ma'auratan da suka zo a lokacin Sallah za su iya kallon hawa a garin da cunkosonsa bai kai na birnin Kano ba, inda mace za ta samu wurin tsayawa ta ga dawaki da kwalliyarsu ba tare da turereniya ba.

Daga Rano hanya ta rabu, kuma a nan ne zaɓi na gaskiya yake. Mai son ruwa zai nufi yamma ta Rurum zuwa Tiga. Rurum gari ne da duwatsu suka yi wa ƙawanya, kuma sunansa ya daɗe a cikin jerin wuraren yawon buɗe ido na jihar saboda masaukin baƙin da aka gina a wurin. Ita kuwa madatsar Tiga an gina ta ne tsakanin 1971 da 1974, a zamanin gwamnan Kano na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975. An datse Kogin Kano ne da bangon ƙasa mai tsawon kilomitoci, ruwan ya taru ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, wanda ke iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2 idan ya cika. Ga wanda ya tashi a birni bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba, tsayawa a bakin Tiga da hantsi abu ne da ke sa mutum ya yi tasbihi, domin ido ba ya kaiwa ɗaya gaɓar a wasu wurare, kuma kawunan duwatsun da ruwa ya kewaye suna tsaye a tsakiya. Da sassafe masunta suke dawowa da kwale-kwale, su zube karfasa da tarwaɗa a gaɓa, masu saye suna taya suna ragi, kifin yana ta motsi a cikin ƙwarya. Karfasar da aka soya a wurin aka barbaɗa mata yaji, aka ci a inuwar bishiya da hannu, ta fi abincin manyan gidajen cin abinci da yawa daɗi. Babban magudanin da ke ɗaukar ruwa daga Tiga yana bi ta ƙaramin tafkin Ruwan Kanya da ke ƙasar Rano, wanda shi ma wuri ne na tsayawa. Mai komawa gida ba sai ya sake bin sawunsa ba, yana iya fita ta Bagauda, inda tsohon masaukin baƙi na bakin tafki ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, ya hau titin Zariya ya wuce ta Kadawa da Kura. Tafiyar da take zagaye irin wannan ta fi ta je-ka-ka-dawo armashi, domin kowane kilomita sabo ne ga ido.

Mai son shiru kuwa gabas zai yi, zuwa Kibiya. Wannan ƙaramar hukuma ce mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 404, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 136,000, kuma mazaɓunta sun haɗa da Fassi da Fammar da Durba da Tarai da Kahu da Nariya. A ɗauki Fassi a matsayin misali: babu wani gini ko tafki mai suna da ake zuwa kallo a cikinta, kuma wannan ne ma ya sa ta dace da irin tafiyar da ake magana a kai. Ƙasa ce ta manoma, ta dawa da gero da masara da gyaɗa da wake, mai irin shimfiɗar da manoman ƙasar Hausa suka ƙirƙiro da hannunsu cikin ɗaruruwan shekaru, wato gonar da ake share ta amma a bar mata bishiyoyi masu amfani a warwatse, ɗorawa don kalwa, kaɗanya don man kaɗe, kuka don miya, tsamiya don kunu, da gawo, wanda ya saɓa wa sauran bishiyoyi domin yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ta yadda ba ya tare wa shuka rana kuma yana ƙara wa ƙasa taki. Wanda ya tsayar da mota a gefen irin wannan gona da la'asar sakaliya, ya shimfiɗa tabarma a kan falalen dutse, zai ga abubuwan da gudun mota ke ɓoyewa: barkono ja da aka shanya a kan dutsen, da 'yan ramukan da ruwan sama ya kwanta a ciki, da ƙadangaru suna shan rana, da garken shanu yana gangarawa mashaya da yaro makiyayi a baya. A irin wannan wuri babu mai tallan da zai katse magana, babu kiran wayar da ba za a iya jinkirta shi ba, kuma matar da a gida ba ta iya kiran mijinta sai da Malam ko Baban wane saboda idon surukai tana samun damar faɗin abin da ke ranta. Su kansu mazauna Fassi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, waɗanda sabo ya sa ba sa ganin ƙasarsu a matsayin abin kallo, tafkin Tiga yana kusa da su ƙwarai, amma akwai matan aure da yawa a yankin da suka san sunansa kawai, kuma yini guda ya ishi magidanci ya kai iyalinsa ya dawo.

Lokacin shekara yana sauya wannan ƙasa fiye da yadda baƙo zai zata, don haka wurin da ya dace da wani hutu ba lalle ya dace da wani ba. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma daga Yuni zuwa Satumba ƙasar takan yi kore shar, sai dai a watan Agusta, lokacin marka, wato kwanakin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, hanyoyin da ba su da kwalta sukan yi laka, rafuka su cika, dutse ya yi santsi, saboda haka a wannan lokaci a tsaya ga babban titi. Hutun 1 ga Oktoba shi ne ya fi kowanne dacewa da ɓangaren Kibiya, domin ruwa ya ja baya, ciyawa ba ta bushe ba, dawa ta fitar da kai, ana cire gyaɗa, tafki kuma a cike yake. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, sanyin safiya yana da daɗin tafiya kuma noman rani yana kan ganiyarsa, har kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta cika da kwanduna, amma hazo, wato ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga hamada, yakan rufe nesa, ya rage kyan tafkin, ya kuma sa tuƙin asuba ya zama mai haɗari. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce mafi wuya, domin dutse yakan ɗauki zafi tun kafin azahar, kuma mai fita a lokacin sai ya yi sammako ya nemi inuwa kafin rana ta take. Tunda ranakun Sallah da Mauludi suna bin watan Musulunci ne, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kowane magidanci sai ya duba a wane yanayi hutun bana ya faɗo kafin ya yanke shawara.

Akwai wuraren da kyawunsu ke jan hankali amma hankali ya ce a dakata. Dajin Falgore, wanda ke kimanin kilomita 150 daga Kano a kan hanyar Jos, da duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, suna cikin mafi kyawun yankunan jihar, amma Falgore ya sha fama da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, har rundunar soja ta mayar da wani sashensa wurin atisaye. Mutum biyu su kaɗai a mota ba su da dalilin kutsawa irin wannan daji, sai dai a cikin ayari, da rana tsaka, bayan an tambayi waɗanda suka bi hanyar a makon. Ruwa ma yana da nasa sharaɗin. Hatsarin kwale-kwalen da ya auku a madatsar Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamba na 2021, wanda ya ci rayukan mutane da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ya isa gargaɗi ga duk mai sha'awar shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ko wanda babu rigar kariya a cikinsa. Wanka ko wasa a magudanan noman rani da gaɓar tafki kuma yana jawo tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa mai kwanciya, ta shiga fatar mutum ba tare da ya ji ba.

Inda wannan yanki ya gaza shi ne wurin kwana, kuma gazawa ce mai ciwo ga duk mai kishin jihar. Mutanen da suka gina Tiga sun hango cewa tafkin zai jawo baƙi, shi ya sa aka gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, aka gina na Bagauda, aka yi masauki a Rurum, amma shekaru na rashin kulawa sun rage wa wannan gado daraja. Don haka mai niyyar kwana ya tabbatar da halin da masauki yake ciki kafin ya ɗauko iyalinsa, ya tambayi ruwa da wuta da tsaro daga bakin wanda ya sauka a wurin kwanan nan, in kuwa bai gamsu ba ya mayar da tafiyar ta yini guda, ko ya sauka a gidan ɗan'uwa ko aboki a Rano. Akwai abin koyi a ƙasar Jamus, inda a 1950 wasu garuruwa da ke tsakanin Wurzbag da Fusen suka haɗa kai suka ba wa hanyoyin da ke sada su suna guda, suka kafa alamomi, suka tallata ta a matsayin hanyar masoya kyawun ƙasa da tsofaffin garuruwa, kuma har yau tana cikin hanyoyin yawon buɗe ido da suka fi shahara a Turai. Ba sabon titi suka gina ba, abin da ke akwai suka tsara. Zagayen Karfi da Bunkure da Rano da Rurum da Tiga da Bagauda yana da ruwa da dutse da gona da tarihi a cikin tafiyar yini guda, kuma abin da ya rage wa gwamnatin jiha da masarautar Rano da 'yan kasuwar yankin, waɗanda Allah ya hore wa wasunsu dukiya mai yawa, shi ne masauki mai tsabta da ya dace da iyali, da wurin sallah da bayan gida a bakin tafki, da alamomin hanya da Hausa, da jiragen ruwa masu rigunan kariya. Kuɗin da baƙi za su kashe zai shiga hannun mai masara da masunci da mai fura ne kai tsaye.

Baƙon da ya shiga ƙauye yana shiga gidan mutane ne, ko da a fili ya tsaya, domin kowace gona da kowace inuwa tana da mai ita. Ladabi shi ne a yi sallama ga wanda aka tarar, a ce masa sannu da aiki, Baba, ko barka da rana, Malam, a nemi izinin zama, kuma idan za a daɗe ko za a hau dutsen da ke kusa da gari a fara gaida mai unguwa ko dagaci da ranka ya daɗe, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo. Wannan gaisuwa ita ce tsaro mafi inganci da baƙo zai samu, musamman a zamanin da baƙuwar mota a gefen daji ke tayar wa mutane hankali. Ba a ɗaukar hoton matan gari ko yaransu ba da yardarsu ba, ba a tsinkar amfanin gona, ba a barin leda da robar ruwa inda dabbobi za su ci, kuma shigar da ma'aurata za su yi da yadda za su zauna su kasance irin waɗanda mutanen wurin ba za su kawar da kai ba.

Shirin mota ba ya buƙatar dogon bayani, amma sakaci da shi ya ɓata tafiye-tafiye da yawa. Kwana ɗaya kafin tashi a kai ta wurin bakanike ya duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto, a tabbatar safaya tana da iska kuma jak yana cikin but, a cika tanki tun daga birni ko a Rano, a riƙe tsabar kuɗi domin ba ko'ina ake samun sabis na tura kuɗi ta waya ba. Ranakun hutu su ne ranakun da titin Zariya ya fi cika da masu gaggawa, kuma sauri ya haifi nawa, ballantana a hanyoyin ƙauye inda babur da akuya da yaro kan faɗo titi ba zato. Game da sallah, a mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru ne, wato mayar da sallah mai raka'a huɗu zuwa biyu, idan tafiyar ta kai kimanin mil 48 zuwa kawai, don haka mai zuwa wurin da bai kai wannan nisa ba zai cika sallarsa, kuma masallatai suna nan a kowane gari a kan hanya. A tsara komawa ta yadda za a bar bakin tafki ko gonakin Kibiya da zarar an idar da la'asar, domin a hau babban titi da sauran haske, a shiga birni kafin manyan motocin dare su fito.